Bashin Manhaja: Me Doka Ta Ce Idan An Kasa Biya?

Bashin manhaja rance ne da ake karɓa ta waya cikin mintuna, ba jingina, sai lambar shaidar banki ta BVN da amincewa da sharuɗɗa. Wa'adinsa gajere ne, kuɗin ruwansa mai nauyi. Yawanci ƙananan 'yan kasuwa da ɗalibai da ma'aikatan da albashi bai kai su ƙarshen wata ba ne ke faɗawa ciki.

Idan wa'adi ya wuce, kamfani na da damar tunatarwa, ko miƙa sunan mutum ga masu tattara tarihin bashi irin su CRC, abin da kan toshe masa rance nan gaba, ko ya shigar da ƙara kotu. Amma aika wa dangi da abokan aiki saƙo ana kiran mutum ɓarawo, ko yaɗa hotonsa, cin mutunci ne da doka ba ta yarda da shi ba. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan irin wannan, kuma tun 2023 Google ya hana manhajojin rance leƙa lambobin waya da hotuna.

Barazanar turo 'yan sanda ma ba ta da tushe, domin sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai.

Bashin dai yana nan, don haka ya kamata a nemi sabon tsarin biya a rubuce. Wanda aka muzguna wa kuwa ya adana saƙonnin, ya kai ƙorafi hukumar kare masu saye ta FCCPC, ko NDPC mai kare bayanan sirri.