Manhajar Kyauta Ta Ƙi Aiki: Wa Za A Kai Wa Kuka?

Ɗalibin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Ɓaɓura, wadda aka kafa a 2021, ko na Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure, yakan sayo kwamfuta ta hannu a Kano, mai shago ya zura filashi ya ɗura masa Ubuntu da LibreOffice da VLC. Duk kyauta ne, kuma lasisinsu ya yarje wa kowa ya duba yadda aka rubuta su, ya sauya, ya rarraba. Ranar da ɗaya ta ƙi buɗewa, hankalinsa sai ya tafi ga waɗanda suka ƙirƙire ta.

Sau da yawa ba su ne da alhaki ba. In riga ta matse mutum a hammata, wurin tela ake mayar da ita, ba masaƙa ba. LibreOffice ɗin da ke zuwa cikin Ubuntu ba kai tsaye ya fito daga hannun The Document Foundation ta Jamus ba. Masu haɗa Ubuntu ne suka shirya shi yadda zai zauna a tsarinsu, don haka su ake fara tuntuɓa. In sun ga cutar daga tushe take, su miƙa ta gaba.

Wannan ruɗani ya sha haddasa rigima. A 2016 Jamie Zawinski, mai manhajar XScreenSaver, ya nemi Debian, wani tsari irin Ubuntu, ta cire manhajarsa daga rumbunta, saboda tana raba tsohon zubi, mutane kuma suna damunsa da ƙorafi kan kurakuran da ya daɗe da gyarawa. A Fabrairun 2025 masu OBS Studio, manhajar da ake watsa wa'azi da taruka kai tsaye da ita a Facebook, har barazanar shari'a suka yi wa Fedora, ita ma wani tsari irin Ubuntu, kan wani zubin manhajarsu da ta haɗa da kanta, yana ba da matsala, zagin yana sauka a kansu. Daga baya suka sasanta. Ba girman kai ba ne. Yawancin masu wannan aiki 'yan sa kai ne, kuma ba za su iya gano cutar abin da ba su suka haɗa ba.

Filashin mai shago ma yana da nasa laifin. Ubuntu mai dogon zango shekara biyar ake kula da shi kyauta, wa'adin zubin 20.04 kuwa ya cika a Mayun 2025, amma ba mamaki yana nan a filashi ana ta ɗura wa mutane.

Saboda haka kafin ɗalibin ya bar shago, ya tambaya: "Maigida, daga ina ka sauko da wannan, kuma lamba nawa ne?" In matsala ta taso, ya koma shagon tukuna. In mai shagon ya gaza, ya sauke sabon zubi daga shafin masu manhajar ya gwada. Matsalar da ta sake bayyana a nan ita ce tasu, kuma zai rubuta musu da lambar zubin, da irin kwamfutar, da ainihin saƙon da ya fito a allo.