Awon Ƙarfin Zuciya da Tafiya

Zuciyar mutum tana da ɗakuna huɗu da ƙyaure huɗu. Ƙyaure yakan buɗe jini ya wuce, sa'an nan ya rufe don kada jinin ya koma baya.

Ƙyauren nan yana lalacewa. A ƙasarmu, sau da yawa asalin abin ciwon maƙogwaro ne na ƙuruciya wanda ba a yi wa magani ba. Bayan shekaru sai ƙyauren ya tsuke, ko ya riƙa yoyo. Mai ciwon yakan yi haki, ƙafafunsa su kumbura.

Likitoci suna gyara ƙyaure da tiyata. A Nijeriya an fara irin wannan aiki na buɗe zuciya a Inugu, cikin 1974.

Kafin aiki, likita yana so ya san iyakar ƙarfin mutum. Tambaya kaɗai ba ta isa ba. Mai ciwon yakan rage aiki kaɗan-kaɗan bai sani ba. Ya bar noma, ya bar cin kasuwar Anka ko Gummi, amma in an tambaye shi sai ya ce, "Lafiya lau." Don haka ake awo.

Ga yadda ake yi. Ana auna wuri miƙaƙƙe a cikin asibiti, tsawonsa mita 30, wato kamar taku arba'in. Mutum ya yi ta kai da komowa har minti 6. Ba a gudu. In ya gaji ya tsaya ya huta, amma agogo yana tafiya. Ana duba bugun zuciyarsa da numfashinsa, a rubuta mita nawa ya yi. A manyan asibitoci akwai keke kafaffe da ake tuƙawa, na'ura tana duban zuciya.

Bayan aiki, in rauni ya warke, sai a sake awon. In tafiyar ta ƙaru, alama ce ta samun sauƙi.

Jama'a, ku lura. Wanda ake yi wa awo kada ya nuna jarunta. In ƙirji ya yi zafi, ko jiri ya kama shi, ya faɗa nan da nan. In tafiya daga gida zuwa rijiya ta fara sa ku haki, ku je asibiti. In yaro ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, ku kai shi da wuri. Rigakafi ya fi magani.