Ƙananan Ƙwarin Rumbu: Yadda Ake Gane Kowanne

Bayan kaka, rumbunan Funtua, Bakori, Ƙafur da Malumfashi sukan cika da masara da dawa da wake. Amma ba manomi kaɗai ke jiran wannan amfani ba. Akwai ƙananan ƙwari da ke shiga ciki su yi ta ci, har buhu ya koma gari. Mutane da yawa suna kiransu da suna ɗaya, wato ƙwaron hatsi. Alhali kuwa iri-iri ne, kowanne da kamarsa da irin ɓarnarsa. Wanda ya san kamar kowanne, shi zai san dabarar da ta dace.

Yadda jikinsu yake

Waɗannan ƙwari dangin buzuzu ne. Jikin kowanne kashi uku ne: kai, ƙirji da ciki. Yana da ƙafa shida, duka a ƙirji. A kansa akwai 'yan ƙahonni biyu sirara, da su yake sansano abinci. Yana da fukafukai huɗu. Biyu na sama masu tauri ne kamar ɓawo. Su ne suka rufe biyu na ƙasa masu laushi, waɗanda yake tashi da su. Daga ƙwai yake farawa, ya zama tsutsa. Tsutsar ta kwanta, ta rikiɗa ta zama ƙwaro.

Masana sun raɗa wa wajen iri 400,000 na dangin buzuzu suna, kuma kowace shekara ana gano sababbi. Wani da aka bayyana a 1999 daga ƙasar Nikaraguwa ko rabin milimita bai kai ba. Milimita ita ce ƙaramar tazarar nan da ke jikin rular 'yan makaranta. Kafin masana su ce ƙwaro sabo ne, sai sun sa shi a madubi mai ƙara girman abu. Su duba kai, su duba fukafukai, su duba bayansa. Manomi ma waɗannan wurare uku zai duba.

Ƙwaron masara mai dogon baki

Tsawonsa wajen milimita 3 zuwa 4 ne, ya ɗan fi ƙwayar gero. Launinsa baƙi-baƙi ne. Babbar alamarsa ita ce dogon baki mai kama da haɓar tsinke. A kan fukafukansa akwai ɗigo huɗu ja-ja. Macen takan huda ƙwayar masara ko dawa, ta sa ƙwai a ciki, ta liƙe ramin. Tsutsa tana ci daga ciki, ba a ganinta. Tun daga gona yake fara shiga masara, musamman goyon da bakinsa ya buɗe.

Ƙwaron wake

Shi ba shi da dogon baki. Gajere ne, mai kauri ta baya, wajen milimita 3. Launinsa ruwan ƙasa ne da baƙin tabo. Fukafukansa ba su rufe cikinsa duka ba, ƙarshen bayansa a waje yake. Macen ba ta huda wake. A kan fatar wake take manna ƙwai, ana ganinsu kamar ɗigon farar ƙasa. Cikin wata ɗaya ko ƙasa da haka sabon ƙwaro zai fito, ya bar rami zagayayye. Shi ya sa waken da aka ajiye da 'yan ƙwai kaɗan yakan cika da huji kafin bazara.

Baƙon ƙwaro mai huda katako

Wannan ba ɗan Afirka ba ne. Asalinsa daga Meziko da Amurka ta Tsakiya yake. An fara ganinsa a Tanzaniya wajen ƙarshen shekarun 1970, sai Togo a 1984. A 1992 aka ba da rahoton ganinsa a kudancin Najeriya. Cikin buhunan hatsi da motocin kaya yake tafiya. Tun da hatsi yana kai-komo tsakanin kudu da kasuwanni irin su Dandume, ya kamata manoma da 'yan kasuwa su san kamarsa.

Tsawonsa milimita 3 zuwa 4 da rabi ne. Jikinsa mulmulalle ne kamar guntun kara. Idan aka dube shi ta sama ba a ganin kansa, domin kan ya ɓuya ƙarƙashin ƙirji. Bayansa kuwa kamar an datse da wuƙa. Yana da wani ɗan'uwa ƙarami da ke cin dawa da alkama, amma shi bayansa zagayayye ne. Baƙon yana cin masara da busasshen rogo, har katakon rumbu yana hudawa. Alamarsa ita ce gari mai yawa a ƙarƙashin buhu. Ya fi yin ɓarna a masarar da aka ajiye da totuwarta.

Abin da manomi zai yi

Duk mako biyu a ɗebi mudu ɗaya daga tsakiyar buhu. A zuba a rariya, a girgiza a kan farin ƙyalle cikin rana. Ƙwarin za su faɗo, a dube su da kyau.

Idan ƙwaron wake ne ko mai dogon baki, a shanya hatsin ya bushe sosai. Sannan a zuba a buhu mai riɓi uku da ake kira PICS, mai leda biyu a ciki. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta ƙirƙiro shi, aka fara yaɗa shi a 2007. In an ɗaure kowane riɓi tam, iska ba ta shiga, ƙwari sai su mutu. Durom mai murfi ma yana wannan aiki.

Don gudun baƙon ƙwaro, a ɓare masara kafin ajiya. A share rumbu, a ƙone tsohon ɓuntu, kada a haɗa sabon hatsi da tsoho.

Kada a zuba fiya-fiya ko maganin feshin gona a abinci. Guba ce ga iyali. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan irin wannan magani.

Wanda ya ga ƙwaron da bai gane ba, ya sa kaɗan a ƙaramar kwalba, ya rufe. Ya kai wa malamin gona na hukumar KTARDA, ko Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya. Rigakafi ya fi magani.