Aikin Ikko, Kwanan Kalaba

Duk wanda ya zauna a Ikko ya san abu biyu ne ke cinye ma'aikaci a garin nan, watau kuɗin haya da cunkoson motoci. Mutum zai fito daga Agege ko Idi-Araba tun kafin a kira assalatu, ba zai isa ofis ba sai rana ta take, da yamma kuma ya sake shan wannan wahala, ya iso gida ya tarar 'ya'yansa sun yi barci. Shekara na kewayowa mai gida ya aiko da takarda, ya ce an yi ƙari. Akwai dokar haya da Jihar Ikko ta kafa a 2011, wadda ta hana a karɓi kuɗin fiye da shekara guda daga hannun sabon ɗan haya, amma wanda ya taɓa neman ɗaki ya san ban da wannan akwai la'adar dillali, da kuɗin lauya, da kuɗin ajiya saboda ɓarna, duk kafin a miƙa masa mabuɗi.

To, tun daga ƙarshen watan Maris na 1920 da ɗari, watau 2020, lokacin da cutar korona ta sa Gwamnatin Tarayya ta kulle Ikko da Ogun da Abuja, kamfanoni da dama suka gane cewa akwai ayyukan da ba lalle sai ma'aikaci ya zo ofis ba. In dai yana da kwamfuta da intanet da wutar lantarki, ko a ina yake zai yi aikinsa ya aika. Cikin samarinmu da 'yan matanmu da suka yi ilmin zamani akwai masu irin wannan aiki yanzu: masu rubuta manhajar kwamfuta, da masu zane, da akawun lissafin kuɗi, da masu fassara tsakanin Hausa da Turanci, har da alarammomi masu biya wa yaran Ingila da Amurka karatu ta waya. Irin waɗannan ne ya kamata su tambayi kansu, me ya ɗaure su a Ikko?

Garin da muke so mu duba yau shi ne Kalaba, babban birnin Jihar Kuros Riba. Ba ƙauye ba ne, ba kuwa ƙasaitaccen birni ba ne mai haɗiye mutum. Ƙidayar 2006 ta ba shi mutum dubu 371 da 'yan kai, ko da yake ya ƙaru tun daga lokacin. Tsohon gari ne na mulki, gama nan ne hedkwatar Turawa ta Kudancin Nijeriya kafin a mayar da ita Ikko a 1906, kuma gidan Razdan na wancan zamani yana nan bisa tudu, an mai da shi gidan tarihi. Makarantar Hope Waddell tana nan tun 1895, Jami'ar Kalaba kuwa an kafa ta a 1975, ga kuma asibitin koyarwa nata. Amma fa kada mai karatu ya zaci zai buɗe taga ya ga teku kamar a Lekki. Garin yana tsakanin koguna biyu ne, Kogin Kalaba da Kogin Kwa, sai an gangara da jirgin ruwa sa'an nan a faɗa teku.

Babban abin da ke jan mutum shi ne gida. Kuɗin da za ka biya a Ikko a ba ka ciki da falo a lungun da ruwa ke kwanciya, a Kalaba zai sama maka gida mai sarari da iska, musamman in ka yarda ka ɗan fita wajen unguwar da ake kira 8 Miles ko Satellite Town. Unguwar State Housing da kewayen titin Marian sun fi tsada, domin can masu hali suke. Sa'an nan ga lokaci. Daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan ba ya cin rabin yini, mutum na iya kai yara makaranta ya dawo ya zauna kan aiki ƙarfe takwas bai cika ba.

Ɗan arewa kuma ba zai yi baƙunta ba, gama Hausawa sun daɗe a garin. Unguwar Bogobiri nan ce zangonmu, akwai masallacin Juma'a, da 'yan canji, da masu tsire waɗanda sunansu ya kai ko'ina a Kudu, har 'yan gari kan yi layi da dare. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga Musulmi, domin a wasu gidajen abinci na garin ana sayar da naman alade da na kare a fili, ba ɓoyo. Saboda haka a sayi nama hannun mahautanmu, in kuwa za a ɗanɗana miyar Efik, irin su afang da edikang ikong, waɗanda lalle sun cancanci sunan da suka yi, sai a nemi ta kifi, a kuma tambaya kafin a sa hannu.

Yanzu sai mu juyo ga inda gizo ke saƙa. Mai aiki daga gida, wutar lantarki ita ce jarinsa. Kamfanin rarraba wuta na Fatakwal ne ke ba Kuros Riba, kuma ko da yake akwai babbar tashar wuta mai ƙarfin fiye da megawat 500 a Odukpani, nan bayan gari, wannan bai hana a ɗauke wuta a cikin Kalaba ba, gama abin da tashar ta samar babban layi na ƙasa yake shiga. Kafin ka biya kuɗin gida, tambayi maƙwabta awa nawa suke samu, kada ka tsaya ga bakin dillali. Ka kuma bincika ko unguwar tana rukunin A ne, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a yini, domin a watan Afrilu na 2024 an ɗaga musu farashi zuwa naira 225 kowane yunit. Janareta kuwa, tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, ya zama abin tayarwa da lissafi. Wasu sun koma faranti mai zuƙar hasken rana da batura. Sai dai wanda ya saba da ranar Sakkwato zai sha mamaki. Kalaba na cikin garuruwan da suka fi ko'ina ruwan sama a ƙasar nan, kusan milimita 3,000 a shekara, watau ninki uku na Kano ko fiye, a watan Yuli da Agusta kuwa sai a jera kwanaki rana ba ta leƙo ba. Faranti biyu da za su ishe ka a arewa, a nan sai ka ƙara. Laima kuma ba ta barin komai, tana sa takalmi da littafi su yi funfuna, tana cin na'ura sannu a hankali.

Haka maganar intanet. Kada a dogara ga layi guda. Ran 14 ga Maris, 2024, wayoyin da ke ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddebuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga duhu, har bankuna suka rikice. Starlink, mai kamo intanet daga tauraron ɗan'adam, ya shigo Nijeriya a watan Janairu na 2023, kuma ya taimaki mutane da yawa, amma yana da tsada, ruwa mai ƙarfi kuma yakan raunana shi. Shugaban da ke jiran aikinka a Ikko ko Landan ba ruwansa da an yi hadari a Kalaba.

Abinci ma ba duka ne ke da araha ba. Kifi da ayaba da manja da garin rogo suna nan birjik a kasuwar Watt da ta Marian. Amma tumatir da albasa da wake da gero daga arewa ake kawo su, ta Makurɗi da Ogoja da Ikom, kuma tsawon hanya da lalacewarta duk a kan mai saye suke ƙarewa. Uwargidan da ba ta iya kwana uku ba tuwo da miyar kuka, sai ta yi guzuri.

Wannan hanya ita ce babban abin da za a auna. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Kalaba ba. Titin Kalaba zuwa Itu, wanda ke fita da mutum Uyo da Aba, ya daɗe yana ba matafiya wahala. An fara sabon titin gaɓar teku daga Ikko zuwa Kalaba a 2024, mai tsawon kimanin kilomita 700, amma mai hankali ba zai ƙulla tafiyarsa a kan titin da bai hau ba tukuna. Abin da ke ceto shi ne filin jirgin sama na Margaret Ekpo, wanda ke cikin gari, tafiyar kimanin awa guda zuwa Ikko ko Abuja. In aka aiko maka da rasuwa daga Katsina, ko dai ka sayi tikitin jirgi da tsada, ko ka kwana a mota. A ganinmu wanda iyayensa suka tsufa, kuma aikinsa bai bukaci ya leƙa Ikko a kai a kai ba, Kaduna ko Kano sun fi masa Kalaba. Garin ya fi dacewa da wanda ya riga ya kafu a Kudu, iyalinsa sun saba, abin da yake nema kawai sauƙi ne.

Zaman lafiya kuwa, an daɗe ana yabon Kalaba da tsabta da natsuwa, amma ita ma ta ga nata. A watan Oktoba na 2020 an wawashe gine-gine da dama a garin, a 2023 kuma likitocin jihar suka yi yajin aiki saboda an sace ɗaya daga cikinsu. Watan Disamba ma sai a shirya masa, domin bikin kanibal da aka fara a 2004 yakan cika garin da baƙi, a rufe tituna, kuɗin masauki ya hau.

Masu karɓar albashi da dala su ne suka fi cin moriyar wannan ƙaura, tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ga shi kuma agogonmu da na Landan bambancinsu bai wuce awa guda ba. Mai albashin naira kuwa ribarsa tana cikin haya da kuɗin mota ne kaɗai, don haka sai ya zauna da biro da takarda ya cire kuɗin faranti da batura da tikitin jirgi, ya ga abin da ya rage. Ya kuma sani harajin albashi jihar da mutum yake zaune ake biya wa, saboda haka sai a sanar da akantan kamfani. Kada kuma kowa ya kwashe kaya bisa alkawarin baka, domin kamfanoni da yawa da suka sallami ma'aikata gida a 2020 sun dawo sun kira su ofis. A karɓi izini a rubuce, a je a yi wata guda a masauki, kuma a zaɓi watan Yuli, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi.