Hawa Rufi Kafin Ruwan Afrilu

A gidanmu na Sabon Tasha, watan Maris ne lokacin hawa rufi. Da sassafe nake hawa, kafin kwano ya ɗau zafi, kuma kan layin ƙusoshi kaɗai nake takawa, don nan katako yake a ƙarƙashi. Bara na kauce, kwano ya lotsa, maiɗakina tana ta salati daga ƙasa.

Yawancin yoyo daga bakin ƙusa yake farawa. Rana ta buɗa kwano, sanyin dare ya tsuke shi, ramin ya yi ta faɗi. Sai in zare tsohuwar ƙusar, in yanko roba daga tsohuwar tayar babur, in buga sabuwar ƙusa a tudun kwanon, ba cikin kwarinsa ba, in shafe da kwalta. Wayar lantarki kuwa, ko kusa ba na zuwa.