Wa Ya Riga Wa? Dokar Katse Hanzari a Teburin Wasa

A majalisun matasa na Ƙauyen Alu da Gyadi-Gyadi, inda ake buga kartar Whot bayan la'asar, ba a cika yin gardama kan wanda ya ci ba. Rigimar takan tashi ne idan wani ya jefa kati mai lamba 2, aka ce na gaba ya ɗebi biyu, shi kuma ya maka tasa biyun ya ce ya kare kansa. Wata majalisar ta yarda, har bashin ya taru ya faɗa kan na uku. Wata kuwa sam. Kowa da dokar unguwarsu, galibi mai ƙarfin murya ke yin nasara.

Masu wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, sun sha wannan ciwon kai har aka rubuta masa doka. A wasan, kowa jarumi ne a cikin labari, mutum ɗaya ne alƙali, ana jefa dayis mai fuska 20, ana yaƙi bi da bi. To, idan maƙiyi ya kawo sara alhali ba layinka ba ne fa?

Bugun wasan na 2008 ya raba amsar gida biyu. Akwai katsewa, wadda ke aukuwa kafin aikin maƙiyi ya kammala: ya ɗaga takobi, ka goce inda ba zai kai ba, saran ya tashi a banza. Akwai kuma martani, wanda sai aikin ya ƙare tukuna. Ka sha saran, sannan ka rama in da sauran numfashi. Bambancin ɗan ƙiftawar ido ne, amma shi ke raba mai rai da gawa.

Bugun 2014 ya haɗe su, ya ba kowa dama ɗaya tak a zagaye. A ganina nan hikimar take, domin wanda ya kashe damarsa da wuri ya zama ɗan kallo har layi ya dawo kansa. Sihirin garkuwa, misali, yana ƙara maki 5 ga kariyar jarumi bayan an ce sara ya same shi, sai a sake lissafi, wataƙila a tarar bai same shi ba.

Idan kuma aka katse mai katsewa, daga na ƙarshe ake fara warwarewa a dawo baya. In na ƙarshen ya yi nasara, na tsakiya ya rushe, aikin farko ya wuce abinsa.