Ko Kun Sani? Mai Tsaron Sararin Ambursa

Ko kun san cewa jirgin farko na maniyyatan Najeriya a Hajjin 2024 ya tashi ne daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu? Kafin tayarsa ta bar ƙasa, sai da wani jami'i a hasumiya, na'urar sauraro maƙale a kunnensa, ya ba matuƙin izini. Irin waɗannan jami'ai ma'aikatan hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya (NAMA) ne, kwalejin sufurin jiragen sama ta Zariya ke horar da su, kuma ƙungiyarsu ta daɗe tana kukan ƙarancin hannu.

Wani zai ce ai Ambursa ba Legas ba ce, jirage nawa ke sauka a rana? Sai dai tsawon awoyi da kwanan zaune ne ke cinye hankalin mutum, ko da sama fayau take. A daren 1 ga Yuli, 2002, jirage biyu sun yi karo a sararin kudancin Jamus, mutum 71 suka rasu. Babu cunkoso a lokacin. Jami'i ɗaya ne a birnin Zurich yake lura da allo biyu, abokin aikinsa ya tafi hutawa. Ga shi kuma horar da jami'i guda yana cin shekaru, don haka in jigilar alhazai ta zo da tashin tsakar dare, ba za a samo ƙarin hannu rana tsaka ba. Waɗanda ke nan su za su ninka aiki.